Rayuwar Dokta Kande Ɗahiru Arlit da Binciken Allurar Haske

Haihuwa da nasaba

An haifi Dokta Kande Ɗahiru ranar Talata, 14 ga watan Maris na shekarar 1972, daidai da ƙarshen Muharram na 1392 bayan Hijira, a unguwar Bukoki ta garin Arlit, lokacin da garin kansa bai fi shekara uku da kafuwa ba. Mahaifinta, Malam Ɗahiru, magini ne mutumin Damagaram, wanda ya fara zama a Agadas tun 1966, sannan ya bi ayarin masu neman aiki zuwa arewa da labari ya bazu cewa an samu yuraniyom a cikin hamada. Ya soma da ginin gidajen ma'aikata, daga baya ya shiga ma'aikatar da ke niƙa dutsen ma'adinin. Mahaifiyarta, Mina, 'yar Amumun ce, wani mai lambu daga cikin Abzinawan kwarin Iferwan. Ita Kande sunanta na yanka Rakiya, amma da yake maza biyu, Lawan da Ɗanladi, sun riga ta zuwa duniya, laƙabin Kande ya bi ta har ya shiga takardun makaranta.

Ta tashi da harshe biyu, Hausar Damagaram a bakin uba da Tamajak a bakin uwa. Mina da girmanta ta koyi Hausa, ba ta kuma taɓa damuwa da bambanta namiji da mace a cikinta ba, don haka shaidar farko da aka yi wa Kande a duniya ita ce wadda uwarta ke maimaita wa maƙwabta: «Kande ya cika tambaya, ba ya gajiya.» An sa ta lakwal, wato makarantar boko, a watan Oktoba na 1979.

Shekarar fari da awakin Amumun

Daga 1981 farashin yuraniyom ya yi ta faɗuwa a kasuwar duniya, aka shiga rage ma'aikata, kuma a 1983 abin ya zo kan Malam Ɗahiru. Kafin gidan ya farfaɗo sai ga farin 1984. Aka rarraba yara ga dangi, Kande ta faɗa hannun kakanta Amumun a Iferwan, inda aka yi niyyar ta yi hutun makaranta kawai, amma ta shekara.

A wannan shekara ruwa sau biyu ya sauka a kwarin, yayyafi ne ma ba na kirki ba. Tsidau, ciyawar nan mai ƙaya, ya fito, rana ta dake shi ya yi yaushi, awaki kuma ba su da wani abin ci sai shi. Bayan 'yan kwanaki sai kunnuwansu da fuskokinsu suka kumbura, fata ta tsage tana saɓulewa. Makiyaya sun san ciwon tun kaka da kakanni, maganinsa a wurinsu shi ne a ɗaure dabba a inuwa. Abin da ya tsaya wa Kande, tana da shekara goma sha biyu, shi ne yadda ciwon ke zaɓe. Baƙar akuya ba ta cika jin jiki ba, fara kuwa takan lalace, mai dabbare-dabbare kuma farin wurin ne kaɗai ke ƙonewa, baƙin yana nan lafiya. Ta tambayi kakanta shin ciyawar ce ke da dafi ko rana. Ya ce mata su biyun ne, ɗaya ba ya yi sai da ɗaya. Ba ta gamsu ba sai da ta yage gefen zanenta ta ɗaure wa wata farar akuya kunne ɗaya ta bar ɗayan a buɗe. Na buɗen ya kumbura, na rufen bai yi komai ba. Ta sha faɗa saboda zanen.

Akwai wani abu na biyu da ta gani wanda ta daɗe ba ta gaya wa kowa ba. Wata tsohuwar akuya tana da ƙananan tsiro masu tauri a baki da kuma a hantsa. Da ta warke daga ƙunar, tsiron bakin ya bushe ya zube, wannan ba abin mamaki ba ne tunda wurin ya ƙone. Amma bayan kamar wata ɗaya na hantsar ma ya ɓace, alhali rana ba ta kai can ba. Ko bayan ta zama masaniya, duk lokacin da ta ba da wannan labari takan haɗa da cewa akuya ɗaya ba hujja ba ce, kuma irin wannan tsiro yakan tafi don kansa. Duk da haka abin bai bar ranta ba.

Karatu a Agadas da Dakar

Ta koma Arlit a 1985, ta maimaita aji, ta shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, a 1986, shekara ɗaya kafin a mayar da mahaifinta bakin aiki. A 1990 ta wuce lise, wato babbar sakandare, a Agadas, ta zauna a gidan kawunta Akoli, ƙanen mahaifiyarta, wanda ke jan masu yawon buɗe ido cikin hamada. A daidai wannan lokaci tawayen Abzin ya kunno kai. Baƙi suka ɗauke ƙafa, hanyar Arlit ta koma ba a binta sai da rakiyar soja, makarantu kuma yau a buɗe gobe a rufe. A watan Agusta na 1992 aka kama Akoli cikin mutanen da aka tattara a garin, ya yi watanni a tsare kafin a sake shi ba tare da an tuhume shi da komai ba. Kande ce ta riƙe gidan tare da matarsa. Ta taɓa cewa a shekarun nan ta koyi duba fuskar mutum kafin ta zaɓi harshen da za ta gaishe shi da shi.

Ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a 1993, ta samu gurbin karatun likitancin dabbobi a Dakar. A can, a darasin shekara ta uku, ta samu amsar rabin tambayarta. Tsidau mai yaushi yana toshe hantar dabba, hantar ta kasa fitar da ragowar koren ganye, wannan ragowa ta bi jini ta taru a fata. Ba ta cutar da komai a cikin duhu, amma da haske ya taɓa ta sai ta haifar da wani abu mai ƙuna da ke fasa ƙwayoyin halittar da ke kusa. A kan wannan ciwo ta rubuta kundin kammala karatunta, ta kare shi a watan Yuli na 1999.

Aiki da aure

An ɗauke ta aikin gwamnati a ƙarshen 1999, aka tura ta ma'aikatar kiwo ta Arlit, inda ta shekara biyar tana bin rijiyoyi da mashekaran makiyaya da akwatin ƙanƙara tana yi wa raƙuma da awaki da tumaki allurar rigakafi. A watan Afrilu na 2000 aka ɗaura mata aure da Malam Zayyadu, ma'aikacin lantarki a tashar kwal ta Cirozerin, wanda iyayensa fatake ne daga Sakkwato. Sun haɗu ne a kan firigon ajiye allurai da ya mutu, ya zo gyara, ta tsare shi da tambayoyi har aikin awa ɗaya ya kai la'asar. Allah ya ba su ɗa a 2001 da 'ya a 2003.

A 2003 Malam Ɗahiru ya kama tari da rama. Aka yi ta maganin tarin fuka ba sauƙi, sai a Yamai aka gano sankarar huhu ce, ta kuma yi nisa. Mutanen gari suna da ra'ayinsu game da ƙurar da ya shekara ashirin yana shaƙa. Kande ba ta ƙaryata su ba, ba ta kuma gaskata ba, tana cewa ba ta da ma'aunin da za ta yanke hukunci a kan mutum ɗaya. Abin da ya fi cin ranta wani ne dabam. Ita da ta ga allura ɗaya ta koya wa jikin raƙumi gane cutar da bai taɓa haɗuwa da ita ba, ta kasa fahimtar yadda ƙari zai shekara yana girma a ƙirjin mutum garkuwar jikinsa tana kallo. Malam Ɗahiru ya rasu a watan Fabrairu na 2004. Kafin shekara ta zagayo ta nemi gurbin karatun ilimin garkuwar jiki.

Shekarun bincike

A watan Satumba na 2005 ta tafi wata jami'a a ƙasar Beljik, ta bar yara biyu a hannun mahaifiyarta da mijinta, ƙaramar tana da shekara biyu. Ɗakin binciken da ta shiga yana aiki ne a kan rigakafin sankara, ba irin wanda ake yi wa mai lafiya don kada ya kamu ba, irin wanda ake yi wa wanda ya riga ya kamu don a nuna wa jikinsa alamar ƙarin, ya tashi ya yaƙe shi da kansa. Matsalar da ta sha kan masu wannan bincike ita ce allurar ba ta cika tayar da ƙwayoyin da ke kashe ƙari ba. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne kai rahoto suna haɗiye abin da aka zuba, su kulle shi a cikin wasu ƙananan jakunkuna, yawancinsa ya narke a can. Da Mina ta tambaye ta a waya abin da ya raba ta da 'ya'yanta, Kande ta ce kamar a ba manzo wasiƙa ne ya cusa a burgame ya ɗinke, ya isa gaban mayaƙa ya kasa ciro ta, aikinta shi ne neman abin da zai farke ɗinkin.

Ba ita ta fara tunanin yin amfani da haske ba. An daɗe ana ƙone wasu ƙananan ƙari na fata da wani rini da jan haske ke tayarwa, wasu daga cikin rinin ma daga koren ganye ake sarrafa su, dangin abin da ya ƙone awakin kakanta. Wasu masana kuma sun riga sun nuna cewa idan rinin kaɗan ne, maimakon ya kashe ƙwayar halitta sai ya tsaya ga fasa jakunkunan da ke cikinta. Aikin da aka ba ta shi ne ta haɗa rinin da allurar, ta yi wa ɓeraye a ƙarƙashin fata, ta haska wurin, ta auna ko ƙwayoyin kisa sun ƙaru. Shekara guda cur sakamakon bai nuna komai ba. Ana haskawa ne awa biyu bayan allura, bisa abin da aka saba. Ta roƙi shugaban ɗakin ya bar ta ta gwada jinkiri, hujjarta kuwa ita ce ba a ranar da akuya ta ci tsidau take ƙonewa ba, sai abin ya samu lokaci ya isa inda zai zauna. Ya yi dariyar misalin, amma ya amince. Ta kasa ɓerayen rukuni-rukuni: awa biyu, awa shida, awa goma sha takwas, kwana biyu.

Ana tsakiyar wannan gwaji tawaye na biyu, wanda ya faro daga Iferwan a watan Fabrairu na 2007, ya tsananta. Dangin mahaifiyarta suka bar lambunansu suka cika gidan Bukoki. A watan Disamba na shekarar, babbar motar da yayanta Ɗanladi ke tuƙawa ta taka nakiya a kan wata hanyar daji kudu da Arlit, ya rasu nan take, ba a kuma taɓa sanin wanda ya dasa ta ba. Kande ta bar komai ta taho, ta kwana tara a Agadas tana jiran ayarin soja. Ta tarar da gida cike da masu gudun hijira, da marainiya Dije 'yar Ɗanladi, mai shekara shida, da 'yarta ta cikinta tana ɓuya a bayan kaka don ba ta gane ta ba. Ta yi wata biyar, aikin wata goma sha huɗu ya lalace a can, ta kuma rubuta takardar ajiye karatu. Malam Zayyadu ne ya hana a aika ta.

«In kin zauna, Ɗanladi zai dawo?» ya tambaye ta.

«Ba zai dawo ba, Malam. Amma yaran nan fa?»

«Yara suna da uba, suna da kaka. Ke kuma na san ki. In ba ki ga abin da rukuni na uku zai yi ba, za ki tsufa a gidan nan kina tambayar bango.»

Ta koma a watan Mayu na 2008 ta sake gwajin daga tushe. A rukunin awa goma sha takwas ƙwayoyin kisa suka ninka na sauran sau da yawa, ƙarin da aka dasa wa ɓerayen ya yi jinkirin girma, a wasu ma ya ɓace. Ta maimaita sau uku kafin ta yarda da idonta. Masu bincike a wasu ƙasashe sun samu kusan irin wannan a cikin shekarun, abin da ya faranta mata rai fiye da a ce ita kaɗai ce. Ta samu digirin dokta a watan Yuni na 2010.

Dawowa gida

An nemi ta zauna, ta ƙi. A ƙarshen 2010 ta dawo Arlit a matsayin shugabar ma'aikatar kiwo, ta ware ɗaki biyu a bayan ofis ta mayar da su wurin bincike, tare da haɗin gwiwar tsofaffin abokan aikinta. Fararen awaki da tumaki na yankin suna yawan samun ƙari a kunne da fatar ido, don haka ba ta rasa abin dubawa ba. Fitilar da ake amfani da ita a Turai ba ta jure zafi da ƙurar Arlit ba, Malam Zayyadu, wanda ya nemi sauyin aiki zuwa garin, ya harhaɗa mata wata da ƙananan jajayen ƙwayaye da batir da allon sola. A 2011 ta haifi autanta.

Babbar wahalar ba ta fitila ba ce. Dabbar da aka yi wa rini dole ta kwana da kwanaki a duhu, in ba haka ba rana ta ƙone ta gaba ɗaya, Arlit kuwa ba garin da ake rasa rana ba ne. A gwajin farko wani makiyayi ya ji tausayin tumakinsa ya sake su tun kwana na biyu, uku suka mutu. Daga nan ta gina rumfar laka marar taga, ta daina ba da dabba sai wa'adi ya cika. Sakamakon shekara huɗu ya fito gauraye: wasu ƙari sun ragu, wasu sun tsaya, wasu ko gezau. Ta rubuta shi yadda ya zo.

Al'amarin Baba Alhassane

A 2014 wani gidan rediyo na yankin ya yi hira da ita da Hausa. Ta yi bayani dalla-dalla cewa aikin bai wuce dabbobi ba, amma abin da ya isa kasuwa shi ne 'yar Malam Ɗahiru ta samo maganin sankara, sunansa allurar haske. Mutane suka fara zuwa daga Akokan da Cirozerin, har da masu haƙar zinariya da suka ji labari a daji. Tana karɓar kowa, ta duba takardunsa, ta rubuta masa wasiƙa zuwa gidan likita a Agadas ko Yamai.

Wata ranar Laraba da hantsi Baba Alhassane ya zo. Aminin mahaifinta ne, ya shekara ashirin da shida yana sauka ramin haƙar yuraniyom na Akokan, shi ya yi mata waliyyi ranar aurenta a madadin ƙanen uba da ya kasa zuwa. Sankara ta kama shi a maƙogwaro, muryarsa ta koma raɗa. Ya miƙa mata wata takarda da ya sa aka rubuta, ya dangwala yatsa, shaidu biyu suka sa hannu, cewa duk abin da ya same shi ya yafe.

«Baba, abin da ke cikin firigon nan na awaki ne,» in ji ta. «Ba a tace shi don mutum ba. Ban san yawan da jikinka zai ɗauka ba, ban san ko zai kumbura maka maƙogwaro ya toshe numfashi ba.»

«To ki ɗauke ni akuya, 'yata. Na yarda.»

«Akuya in ta mutu a hannuna na san abin da zan gaya wa mai ita. Kai ban san abin da zan gaya wa Allah ba.»

Ya dubi firigon, ya ce da Ɗahiru ne a zaune a nan, shin haka za ta gaya masa. Ta ce ba ta sani ba. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Ta shirya masa tafiya Yamai ta hannun wata likita da ta sani, ya ƙi zuwa, bayan wata huɗu ya rasu. Da ta je ta'aziyya matan gidan suka amsa gaisuwarta a taƙaice, ba wadda ta matsa mata tabarma. Waɗanda suka zauna da ita sun ce ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa ba da labarin da muryar wanda ya tabbata ya yi daidai ba. Daga wannan shekara ta fara tattara bayanan masu sankara a Arlit da Akokan, suna da shekaru da irin aikin da mutum ya yi da irin ciwonsa, bisa izinin hukumomin lafiya, aikin da ta ƙara wa himma bayan rufe ramin Akokan a 2021, da ta ga tsofaffin ma'aikata suna watsewa garuruwansu ba mai bin sawun lafiyarsu.

Jinya

A watan Maris na 2019 ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. An yi mata aiki a Yamai, ta sha magani wata shida, ta koma bakin aikinta. A tsakiyar 2021 ciwon ya dawo a fatar ƙirji da hanta. A wannan lokaci tsohon ɗakin bincikenta na Beljik ya samu izinin gwajin farko a kan mutane kaɗan waɗanda sauran magunguna suka gaza musu, da rini da allura da aka tace don ɗan Adam. Ta nemi shiga kamar kowa, aka auna ta, ta cika sharuɗɗa, ta zama majinyaciya ta tara. A Arlit aka ce abin da ta hana Baba Alhassane ga shi ta tafi sha. Da maganar ta iso gare ta ta ce ba abu ɗaya ba ne, amma kuma masu faɗa suna da gaskiyarsu, domin ita ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, shi kuwa ƙofarta kaɗai ya sani.

An yi mata allura sau uku daga Nuwamba na 2021 zuwa Janairu na 2022, kowace da haskawa ta minti shida washegari, sannan zaman mako biyu a ɗakin da aka rufe tagoginsa. Ma'aikatan jinya sun tuna da ita a matsayin majinyaciyar da ke tambayar lambar kowace kwalba da aka ɗebi jininta, har ta roƙi a kai ta ɗakin bincike a keken marasa lafiya don ta leƙa madubin duba ƙananan halittu ta ga ƙwayoyin jikinta da idonta. Gwajin jini ya nuna ƙwayoyin kisa sun ƙaru ƙwarai. Ƙullutu biyu na fata sun ragu, har da ɗaya da ke nesa da inda aka haska. Na hanta kuwa suka ci gaba da girma kamar ba a yi komai ba. Da aka nuna mata hotunan, tambayarta ta farko ita ce ko sauran majinyatan ma haka hantarsu ta yi.

Ta dawo Arlit a watan Afrilu na 2022. Watannin da suka rage ta yi su ne tana yi wa 'yarta shifta, saboda hannunta ya daina riƙe alƙalami, har suka cika littafi guda da tambayoyi arba'in da ɗaya game da dalilin da ya sa mayaƙan suka tashi amma suka kasa shiga hanta, kowace tambaya da gwajin da take ganin zai amsa ta. Ta damƙa bayanan masu sankara ga hukumar lafiya ta jiha. Kwana shida kafin rasuwarta ta sa aka ɗebi jininta karo na ƙarshe, Malam Zayyadu ya kai shi Agadas da kansa cikin akwatin ƙanƙarar da ta yi yawon rigakafi da shi.

Rasuwa

Allah ya karɓi ran Dokta Kande Ɗahiru ranar Alhamis, 17 ga Nuwamba na 2022, cikin watan Rabi'us Sani na 1444, jim kaɗan bayan azahar, a gidanta da ke Arlit, tana da shekara hamsin. An yi mata salla bayan la'asar, yayanta Lawan da mijinta suka sanya ta a kabari. Jana'izar ta tara ma'aikatan kiwo da tsofaffin ma'aikatan rami da makiyaya, wasu makiyayan kuma sai bayan kwana uku suka iso a kan raƙuma daga rijiyoyin arewa. Sakamakon jinin ƙarshe ya zo bayan sadakar arba'in, ya nuna ƙwayoyin da allurar ta tayar suna nan da yawansu har makon da ta cika. Zuwa lokacin rubuta wannan tarihi gwajin da ta shiga bai kai ga hukunci ba, kuma ba a amince da wannan hanya a matsayin magani ba.

Ta rasu ta bar mijinta, Malam Zayyadu, da 'ya'ya uku: Isa, wanda dangin uwa ke kira Ghissa, ma'aikacin sola a Agadas, Zainabu, ɗalibar ilimin haɗa magunguna a Yamai, wadda littafin tambayoyin ke hannunta, da Ɗahiru, da ake kira Abba, yana kwaleji. Ta bar Dije 'yar Ɗanladi, wadda ta riƙa tun tana shekara shida har ta aurar. Ta kuma bar mahaifiyarta Mina, wadda ta kai miji da ɗa da 'ya maƙabarta ɗaya, tana nan a gidan Bukoki. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya karɓi aikinta, ya ba waɗanda ta bari haƙuri.